Salansar Kawu

Motar kawuna ta fi kowace mota baƙin jini a Sakkwato, ni ne kuma direbanta. A lokacin Nasara sun riga sun zauna da gindinsu, jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Gusau ba, motocin da ke garin kuwa kowa ya san su ɗaya bayan ɗaya. Direbobinsu kusan duka mutanen kudu ne. Ni kuwa ɗan Ƙofar Taramniya ne gaba da baya, da lasin ɗina na gaske mai hatimi, wanda na sa baduku ya ɗinka wa gidan fata ina rataye shi a wuya ƙarƙashin taguwa. Ba zan ɓoye ba, na ji kaina. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ina da sana'ar da babu wanda ya gada a wurin ubansa a duk unguwarmu, in na sauko daga mota har tafiyata canzawa take yi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauke ni da mahaifina ya rasu, shi ya yi mini aure, shi ya tura ni wurin wani Bayarabe na yi shekara uku ina koyon tuƙi da gyara. Na faɗi wannan tun yanzu don kada wani ya ce butulu ne ke magana. Sana'arsa fatomanci a kara: Fulani in sun kawo shanu a gidansa suke sauka, shi ke ciyar da su, shi ke nemo musu mahauta da fatake masu saye. Bayan haka yana tara fatu da ƙiraga, don su ne ma ya sayi motar, tsohuwa, daga hannun wani Kwara, farar fata ɗan kasuwa, mu riƙa kai kaya tashar jirgi.

Da aka sayo ta tana da salansarta ta asali, wani dogon gwangwani da tsatsa ta riga ta ci rabinsa. Wata damina muka ratsa wani rafi a hanyar Gusau, gindin motar ya bugi dutse, salansar ta zauna a can. Ban gan ta ta faɗi ba, kunnena ne ya gaya mini, don nan take motar ta buɗe murya har gashin kaina ya tashi. Amma da muka iso hawan da ke gaban rafin sai na ga abin mamaki. Wurin da kullum sai na sa giya ta ɗaya ina lallashi ina salati, ranar kuwa da giya ta biyu ta haye shi, ga kaya fal a bayanta. Sai na tuna abin da maigidana Bayarabe yake yawan faɗa, cewa inji ba ya iya shaƙar sabuwar iska sai ya fitar da tsohuwa. Ashe duk shekarun nan tsohuwar salansar ce ta cushe da baƙin hayaƙi take maƙure ta.

Daga nan na kamu da ciwon gwaji. Akwai wani maƙeri a bayan gidan Kawu, dattijo mai ƙaramin jiki da yawan mita, a filin Kawu ya kafa maƙerarsa. Shi na addaba. Da farko muka bar bututun gajere, sai ya riƙa tofa wuta da yamma har ya babbake katakon bodi. Muka sa dogo siriri, ta riƙa tashi da kaya da kyau, amma da na taka totur a miƙaƙƙiyar hanya sai numfashinta ya ƙare. A ƙarshe muka samu guntun bututun ruwa mai faɗi, maƙerin ya lanƙwasa shi sau ɗaya kawai ya fitar da shi ta bayan taya. Nan muka dace. Shi maƙerin bai taɓa shiga mota ba a rayuwarsa, amma ya fi wasu direbobi gane zancen, don yana cewa duk wanda ya yi shekara arba'in yana zuga wuta ya san halin iska.

Ƙarfi kam ta samu. Muryar ce abin magana. In na taso daga wajen ganuwa, matata a cikin gida take jin ta ta ɗora ruwan wanka. Jakai su watsar da mangala, kaji su haye danga, tsofaffi su bi ni da Allah ya isa. Limamin unguwarmu ya taɓa tare ni ya ce don Allah in daina wucewa in an tayar da salla, don ko kabbarar kansa ba ya ji. Na ba shi haƙuri, na canza lokaci, amma a raina daɗi nake ji. Ina son muryar nan. In tana cikin lafiya akwai wani kauri da take yi a ƙasa-ƙasa, daga shi nake gane ko fulogi ɗaya ya fara ha'inci tun kafin in buɗe kanta.

Ranar da abin ya ɓaci, da hantsi ne, na biyo ta gefen kara daidai lokacin da garken babban baƙon Kawu yake shigowa. Wani tsohon Bafillace ne da ya shekara ashirin yana sauka a gidanmu, kuma duk inda ya sauka nan danginsa suke sauka. Shanun daji ne, ba su taɓa jin mota ba. Suka watse kamar an jefa musu wuta. Wata saniya ta faɗa rami ta karye, dole aka yanka ta nan take. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya dai gaya wa Kawu a hankali cewa ya ji ana yabon wani fatoma a can gabas da kara, wanda ba shi da mota.

Bayan la'asar Kawu ya aiko in zo. Ba a zaure ya gan ni ba inda jama'a suke, can turakarsa ya sa aka shigar da ni, ya saki asabari.

Ya ce, "Motag ga taka ta cika surutu."

Na ce, "Kawu, ai motakka ta."

Ya ce, "To, tunda tawa ta, ina son a ruhe mata baki. Ka tahi wurin maƙeri shi yi mata abin da za ta yi kurum."

Na gyara zama na ce, "Allah shi ba ka haƙuri, Kawu. Ana iya rage mata murya, amma in anka ruhe ta dut, ƙarhinta ka tahiya. Ba ta iya hawa da kaya. Ko in bar bi ta kara, in riƙa zagayawa?"

Ya ce, "Gidana cikin shanu shike, ina za ka zagaya? Kai dai yi abin da nic ce."

Aka wuce wurin. Maƙeri ya samo wata ƙaramar gangar fenti, ya sa mata faranti ɗaya a ciki mai manyan huji, muka ɗaura a bakin bututun. Muryar ta ragu sosai, ƙarfin bai ragu da yawa ba, ni da shi muka ce madalla. Amma ba mu ne alƙalai ba. Kawu ya sa aka jawo wata karsana daga garken tsohon, wadda ta fi duka tsoro, aka ɗaure ta a turke ƙofar maƙera, aka zuba mata harawa. Shi da tsohon Bafillacen suka zauna a tabarma. Sharaɗin shi ne in murɗa handul in tayar da mota, in karsanar ta ɗaga kai, aiki bai yi ba. Ni direba mai lasin, da maƙeri mai furfura, muka koma jiran hukuncin karsana.

Na tayar, ta zabura har ta kusa tsinke igiya. Aka koma maƙera, aka ƙara faranti na biyu mai ƙananan huji. Kashegari na tayar, ba ta zabura ba amma ta ɗaga kai ta miƙe kunnuwa. Tsohon ya girgiza kai. A karo na uku Kawu da kansa ya tsaya a kan maƙerin, ya sa aka ƙara faranti na uku, hujinsa bai fi ƙwayar dawa ba, sa'an nan ya ce a cusa tarkacen waya da ɓarɓashin ƙarfe a tsakani.

Maƙerin ya ajiye guduma ya ce, "Maigida, wanga abu ba salansa ba na, shaƙewa ta. Ko zugazugina anka yi ma haka, wuta ba ta kamawa."

Kawu ya ce, "Ƙira nis sa ka, ba hwatawa ba."

Na tayar. Karsanar ko kallonmu ba ta yi ba, ta ci gaba da taunar harawarta. Tsohon ya yi murmushi, Kawu ya raba goro, kowa ya tashi da farin ciki ban da ni da maƙeri. Motar tana wani huci a shaƙe kamar mai asma, in na taka totur sai ta yi nishi kafin ta amsa.

Haka na yi wata biyu da ita. Garin ya huta, limami har addu'a ya yi mini. Ni kaɗai na san abin da nake ciki. Ruwan lagireto ya riƙa tafasa tun kafin mu yi rabin zango, tafiyar kwana biyu ta koma ta uku, mai ya riƙa ƙarewa da wuri. Kuma kullum abin ƙaruwa yake, don baƙin hayaƙi yana ta taruwa a 'yan hujin nan. Sau uku ina samun Kawu da maganar. Na farko ya ce in bi ta a hankali. Na biyu ya ce tun da aka sa abin nan ko akuya ba ta firgita ba. Na uku juyawa kawai ya yi yana magana da wani.

Da fatu suka yi ƙaranci, sai Kawu ya ba da hayar motar ga Baturen da ke kula da gine-gine a bariki, mu riƙa ɗauko masa dutsen farar ƙasa daga Kalambaina. Fata daban, dutse daban. Na ce masa wannan aiki kam sai an cire gangar. Ya ce hanyar ta ratsa inda baƙinsa ke kiwo, kada in kuskura. A nan ne nake ganin laifin kaina har gobe. Ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da gangar nan. Da na fita gari na kwance ta na ɓoye a gindin wata bishiya, in mayar in zan dawo, babu wanda zai sani. Na yi tunanin haka, har sifana na ɗauko. Sai na ga ban taɓa yi wa Kawu abu a bayan idonsa ba tun ina yaro, na mayar da sifanar cikin akwati.

Kwana uku muna yi da ƙyar. A rana ta huɗu, wajen hantsi, leburori suka loda dutse, huɗu daga cikinsu suka hau sama don su sauke a bariki. Tsakanin Kalambaina da gari akwai wani hawa da ke tasowa daga kwazazzabo, ba tsawo gare shi ba amma a tsaye yake. Na sa giya ta ɗaya tun daga ƙasa. Muka ci rabi. Na ji ƙarfinta yana zarewa a ƙarƙashin ƙafata, na take totur har ƙasa, ta yi wani ɗan tari ta mutu. Birkin motocin wancan zamani a tayoyin baya kaɗai yake, kuma ba a yi shi don ya riƙe dutse a kan gangara ba. Ta fara komawa da baya. Na yi ihu su dira. Uku suka dira lafiya. Na huɗun, wani magidanci daga ƙauyukan fadama da ya zo cin rani, ya tsaya ɗaukar gorar ruwansa. Motar ta karkace ta kwanta a kwazazzabon, dutse ya zubo masa a ƙafa. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Da hannuwanmu muka tone shi, yana kiran sunan Allah, ƙashin cinyarsa ya karye.

Tunda kayan Bature ne, leburan ma nasa ne, magana ta koma bariki. Kashegari aka tara mu a farfajiyar ofishinsa: ni, da Kawu a matsayin mai mota, da tafinta, da 'yan kallo da suka cika bakin shinge. Wannan Baturen ya san inji. Tun jiya ya je wurin da kansa, ya shiga ƙarƙashin motar, ya sa aka kwance gangar aka kawo. A gabanmu ya sa aka fasa ta da kurfi da guduma. Baƙin garin hayaƙi ya zubo a ƙasa tuli guda. Ya ɗaga farantin na uku ya saita shi da rana, ko ɗigon haske bai ratso ba. Fuskarsa ta yi ja. Ya yi magana, tafinta ya juya: wane ne ya sa aka ɗaura wa mota wannan abu?

Muna tsugune ni da Kawu, kafaɗata tana kusan taɓa tasa. Sai na ji muryarsa a natse, irin wadda yake sasanta ciniki da ita.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni shanu nis sani. Abin da ad cikin mota, direba shi ka sanin shi."

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce a nan aka ci amanata. A'a. Ko gezau ban yi ba, don abin da ya kamata ya faɗa ke nan. A gidan babban mutum, in laifi ya fito fili gaban baƙo ko gaban hukuma, na ƙasa ne ke ɗauka. Mutuncin maigida shi ne rufin da kowa ke fakewa a ciki, in ya zube kowa ya jiƙe. Kai ka ɗauka a gaban mutane, shi kuma ya san nauyin da ya hau kansa. In ƙura ta lafa sai ya kira ka ku biyu, ya sa maka albarka, ya ce ya ga abin da ka yi, sa'an nan ya bi ta hannun waɗanda suka san waɗanda suka sani har a gyara maka abin da ya ɓaci. Da idona na ga an yi haka. Akwai wani mutumin gidanmu da ya amsa laifin wata saniyar sata da aka sayar ta hannun Kawu bisa kuskure. Kawu ya riƙe iyalinsa, ya yi ta zirga-zirga har aka sako shi, ya kafa masa rumfar nama tasa ta kansa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, ba a kuma faɗinsa da baki, amma kowa ya san shi kamar yadda ya san alƙibla.

Saboda haka na ɗaga kai na ce, "Ni nis sa anka yi. Laihina na."

Na hango maƙeri a bakin shinge ya sunkuyar da kai. Baturen ya daɗe yana kallona. Ya ce ta bakin tafinta, ya yi zaton na fi haka hankali, don ya sha ganin yadda nake tuƙi. Wannan maganar ta fi mari zafi. Ya miƙo hannu. Na ciro gidan fatar daga wuyana, na zare lasin na ba shi. Ya ja masa layi biyu da jan alƙalami, ya jefa a aljihun tebur, ya ce ba zan ƙara riƙe sitiyari a lardin nan ba. Aka sallame mu. A hanya Kawu yana gaba ina biye, bai ce mini komai ba, ni ma ban sa ran ya ce ba, don hanya ba wurin irin wannan magana ba ce.

Da na isa gida matata ta fashe da kuka. Dariya na yi mata. Na ce ke ba ki san gidan da kika shigo ba, ki ba shi kwana uku. Na ci tuwona har da ƙari.

Kwana uku suka wuce, mako ya wuce. Kullum da safe ina zuwa zaure in gaishe shi cikin jama'a, ya amsa kamar yadda ya saba, in koma gefe in zauna ina jiran ya ce in biyo shi ciki. Ba ya cewa. Na ce a raina yana jiran idon mutane ya kau. Aka jawo motar daga kwazazzabo aka gyara. Aka kawo sabon direba, wani mutumin kudu. Na ce ai dole, mota ba ta zama, riƙon ƙwarya ne kafin a karɓo mini lasin. Duk wani uzuri da za a iya nema wa mutum na nema wa Kawu, har waɗanda shi kansa ba zai tuna da su ba.

Wata safiya ina zaune a ƙofar gida sai na ji ta. Muryarta ta dā, mai kaurin nan, ta taso daga bayan gidan Kawu ta cika unguwa. Na tafi maƙera. Maƙerin yana ganina ya kama zuga wutar da ba ta bukatar zugi.

Na ce, "Baba, mi nika ji haka?"

Ya ce, "Bututunka na. Sabon direba yac ce shi ba ya tuƙa ta sai da shi."

Na ce, "Kawu hwa? Mi yac ce?"

Ya ƙara zuga wutar, sa'an nan ya ce, "Cewa yay yi direba shi yas san aikinai."

Na tambaye shi shanun baƙi fa. Ya ce an gaya wa direban ya riƙa zagayawa ta bayan ganuwa. Abin da na roƙa tun ranar farko ke nan aka ce babu hanya. Na tsaya ina kallon maƙerin, shi ma ya san da bakinsa zai iya wanke ni, amma a filin Kawu yake, yana da iyali, ban nemi ya yi ba. Har yau ban riƙe shi da komai ba.

A cikin gari kuwa sunana ya canza. Direban da ya shaƙe mota. Waɗanda dā suke zagina don ƙara, yanzu su ne ke dariyar wautata don na yi shiru da ita. Na je gidan maɗori duba mutumin da ya karye, na kai masa ɗan abin da ya sawwaƙa. Yana kwance an ɗaure ƙafar da karare. Ya karɓi gaisuwata yana kallon bango. Ɗan'uwansa ya raka ni ƙofa ya ce damina ta kusa, ba su san wanda zai noma masa gonarsa ba. Na buɗe baki in ce ba ni ba ne, na tuna ni na ce ni ne, a gaban Bature da rabin gari. Na haɗiye. Wannan ya fi lasin ɗin ci mini rai, amma ko a lokacin ina gaya wa kaina cewa akwai mutum ɗaya da ya san gaskiya, kuma ranar da zai faɗe ta tana zuwa. Ko lasin bai dawo ba, in dai ya kalle ni ya ce ya sani, ya ishe ni.

Sai da aka yi kusan wata biyu ya aiko. Bayan la'asar ne. Na yi wanka, na sa rigata ta Juma'a, matata har turare ta shafa mini. Aka wuce da ni turaka. Ya saki asabari da hannunsa. Daga ni sai shi, babu tafinta, babu baƙo, babu wanda za a ɓoye wa komai. Ya miƙo mini goro fari, na karɓa da hannu biyu cike da murna.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗana, na daɗe ina tunanin abin ga da yah hwaru. Ka ja mini kunya gaban Nasara, ka ja mini asara, ga bawan Allah can kwance. Raina ya ɓaci ƙwarai, shi yas sa ban neme ka ba, kada in hwaɗi abin da za ni yin nadama."

Na ɗaga ido na dube shi, abin da ban taɓa yi ba. Ina neman wata alama, ko ƙiftawar ido, ko ɗan murmushi, wani abu da zai nuna mini wasa yake kafin ya shiga ainihin maganar. Babu. Fuskarsa a sake take, cike da tausayi. Ba ƙarya yake yi mini ba. A cikin wata biyun nan ya faɗa wa mutane labarin sau da yawa har ya zauna masa, ya manta da karsana, ya manta da wanda ya tsaya a kan maƙeri.

Ya ce, "Amma na duba zumunci, na duba uwarka da ke kabari. Ƙuruciya ta. Na yahe maka, duniya da lahira. Gobe ka zaka wurin shanyar ƙiraga, akwai aiki, ba ni barin iyalinka su kwana da yunwa."

Maganganu sun cika mini baki, na ji ɗacinsu a harshe. Mutumin da ya goya ni ne a gabana, a ɗakinsa, yana jiran godiya. Na duƙa har goshina ya kusa taɓa tabarma, na ce, "Na gode, Kawu. Allah shi saka da alheri."

Kashegari na je wurin ƙiraga, a can na ƙare ƙarfina, ban sake riƙe sitiyari ba. Shekara goma sha wani abu ya yi bayan nan, kowace safiya ina gaishe shi, kowace safiya yana amsawa da fuskar wanda ya yi wa maraya alheri. Ni na shiga kabarinsa na karɓe shi. Shi ya yafe mini tun ranar nan cikin sauƙi. Ni ga shi na tsufa, na nemi tawa yafiyar a zuciyata na sake nema, har yau ban same ta ba.